Ni Na Cire Farfelar, Direba Ya Ɗauki Laifin

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni bakanike ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina da gareji a bakin hanya a Bagudo, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Ba kowace mota nake taɓawa ba. Aikina shi ne tsofaffin motocin soja, irin waɗanda aka yi gwanjonsu tun muna yara, masu dogayen ƙafafu, waɗanda tayoyinsu na gaba da na baya duk suke ja. A wajenmu ba don ƙawa ake sayensu ba. Da zarar damina ta zauna, Kogin Kwara ya tura ruwa cikin fadamu, ƙauyukan da ke wajen iyakar Benin babu motar da ke isa gare su sai irin waɗannan. Kayan gyaransu kuwa ba a samu a shago. Ko dai ka ciro daga wadda ta mutu, wadda muke ce wa gawa, ko ka aika tsallaken iyaka ka zauna jira. Duk mai wannan sana'a ya saba ɗauko ƙarfe nan ya ɗaura can, ni kuma na fi kowa alfahari da iya wannan dabara.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani Alhaji, dattijo daga cikin Dandawa, manomi kuma ɗan kasuwa, daga wani ƙauye can bayan Kurgu. Motarsa ɗaya ce, amma ita ce motar garin gaba ɗaya. Ita ke fitar da shinkafa da albasa, ita ke shigo da taki. Direbanta ya girme ni da kusan shekara goma, mutum ne shiru-shiru, ya daɗe da motar kuma bai taɓa kafar da ita a laka ba. In ya zo gareji ba ya zama a benci kamar sauran direbobi, tsugunawa yake yi kusa da ni yana miƙo mini sufana, yana kwatanta mini irin ƙarar da ya ji a hanya. Yana kirana Injiniya, ni kuma ina ce masa Yaya. Nakan zolaye shi cewa ya fi son motar nan a kan matarsa, sai ya yi murmushi ya ce ai ita motar ba ta taɓa yi masa yaji ba.

A tsakiyar wani rani aka bar mini motar kwana huɗu don gyaran kuloci, direban ya koma gida wajen suna. Sai ga wani mai irin motar ya zo a gaggauce, farfelarsa ta gaba ta karye, ga shi hanyarsa duk yashi ce. Ga wanda bai sani ba, farfelar gaba wani dogon ƙarfe ne a ƙarƙashin mota, shi ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, kuma ba ya aiki sai direba ya ja wata sanda da ke kusa da giya. A busasshiyar hanya ba mai jan wannan sanda. Mutumin ya yi ta zuga ni, wai in ni na kasa to babu mai iyawa a duk ƙasar Kabi. Kaina ya kumbura. Na shiga ƙarƙashin motar Alhaji na kwance farfelarta na ɗaura masa, na mayar da farantin ƙarfen da ke rufe wurin. Na gaya wa kaina aro ne kawai, damina da saura, kuma ran nan na aika a nemo mini wata a Benin. Da direban ya zo ɗaukar mota ban ce masa komai ba. Bayan mako guda ma har ya tsaya yana yabon hannuna, wai motar ta yi sauƙin tuƙi.

Sabuwar farfelar ta iso bayan mako biyar, a naɗe cikin buhu, na tura ta ƙarƙashin teburin aiki. Abin da ya rage shi ne in ba wani mai babur saƙo a kawo motar. Amma na san za a tambaye ni dalili, ni kuma ba na son a ce Injiniya ya taɓa kayan mutane ba da saninsu ba. Sai na yanke shawarar in jira ranar canjin baƙin mai in ɗaura ta ba tare da kowa ya lura ba. Ina cikin wannan jira ruwa ya sauka da wuri, kwana uku ana yi.

Ranar da ba zan manta ba, da hantsi motar ta tsaya a ƙofar garejina, an cika ta maƙil da takin mutanen ƙauyen, na magidanta da yawa da suka haɗa kuɗi aka ɗauko musu. Alhaji na zaune a gaba. Direban ya leƙo ta taga ya gaishe ni, ya ce yau za su ratsa mashigi kuma ya ji ruwa ya fara tasowa, ko akwai abin da nake son dubawa kafin su wuce. Wallahi farfelar tana bayana, taku biyu, kuma aikin bai kai awa ɗaya ba. Na dubi Alhaji, na dubi abokan aikina da ke tsaye, kunya ta kama ni. Na daki bodin motar da tafin hannu na ce su tafi, lafiyarta ƙalau.

Da la'asar labari ya iso. Sun shiga mashigin, direban ya ja sanda kamar yadda ya saba, tayoyin baya suka yi ta haƙa rami, na gaba kuwa ko motsi. Motar ta zauna a laka, ruwa kuma yana ƙaruwa. Mutanen gari suka fito suka kwashi abin da suka iya a ka, amma yawancin buhunan ruwa ya riga ya shige su, takin ya narke ya bi rafi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sai bayan kwana biyu tarakta ta fizgo motar, aka jawo ta har garejina, laka ta toshe ƙarƙashinta gaba ɗaya.

Direban ya rantse wa Alhaji cewa ya ja sandar, gaban motar ne ya ƙi ɗauka. Alhaji ya ce ba zai yanke hukunci ba sai bakanike ya duba. Nan ne Allah ya sake ba ni dama, na sake watsar da ita. Na ce laka ta yi yawa, su dawo jibi. Da suka tafi na fito da farfelar na ɗaura, na shafe ta da tsohon mai da laka har ta saje da sauran ƙarafan. Ran da suka dawo, Alhaji ya zo da dattawan garin uku. Na ɗaga motar a jak, na tayar da inji, na ja sandar, tayoyi huɗu suka juya a gaban kowa. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma sai na ƙara da cewa wani lokaci in mutum ya ruɗe a cikin ruwa ba ya jan sandar har ƙarshe. Direban ya daɗe yana kallon tayoyin, sannan ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Shekara tara na yi da wannan abu a cikina. Na ji cewa shinkafar garin ba ta yi kyau ba a shekarar, kuma an laƙaba wa direban sunan mai narkar da taki, har yaransa ake tsokana da shi. Na ji ya koma noma, na kuma ji mahaifiyarsa ta rasu. Na ji rasuwar Alhaji, na je gaisuwa, na zauna a tabarma kamar mutumin kirki. Garejina ya ci gaba, amma duk lokacin da hadari ya haɗu sai in rasa abin da ke mini daɗi. Na sha yin niyyar zuwa in faɗa, sai in ce ai abin ya wuce, tono shi ba zai dawo da takin ba.

Bara na haɗu da shi a kasuwar Bagudo, ya kawo busasshen kifi. Shi ya fara ganina, ya taso da fara'a yana kiran Injiniya. Don in rage wa kaina nauyi sai na ce masa akwai wani mai mota da ke neman direba, in yana so zan haɗa su. Ya yi godiya ya ce a'a. Ya ce tun ranar mashigi bai ƙara yarda da hannunsa ba. Ya ce ya maimaita abin a ransa ba adadi, kuma kullum yana tuna ƙarar shigar sandar, amma tun da ni na gwada a gaban jama'a aka gani, to lallai kansa ne ya fara taɓuwa, kuma ba zai ɗauki rayukan mutane a mota da irin wannan kai ba. Ni a zatona aiki da suna kawai na raba shi da su, ashe har yarda da hankalinsa na ƙwace masa. A nan tsakiyar kasuwa na tsuguna na faɗa masa komai.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Sai kawai ya tambaye ni ko ke nan sandar ta shiga. Na ce ta shiga. Ya sake tambaya, na sake amsawa, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Da ya natsu ya ce abin da ke tsakanina da shi ya yafe, amma ba a kasuwa na yi maganar farko ba, a gaban mutanen garinsu na yi ta, don haka can ya kamata in kai wannan. Ranar Juma'a na hau babur na tafi. Bayan an idar da salla na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi abin da na yi tun daga kwance farfelar har shafa mata laka. Wasu suka tofar da yawu suka wuce, wasu suka je suka riƙe hannunsa. Tun daga ranar motocin wannan yanki ba su ƙara zuwa garejina ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shi kuwa bai koma tuƙi ba, don idanunsa sun riga sun yi rauni.

Abin da na koya shi ne, cire farfelar ba shi ne babban laifina ba. Da na faɗa tun farko, iyakarta Alhaji ya yi mini faɗa, a ɗaura wata, a manta. Gudun kunyar minti biyar ne ya kai ni ga ƙarya, ƙaryar kuma wani bawan Allah ne ya ɗauki nauyinta ba ni ba. Ina kira ga 'yan'uwana masu gyara, na mota ne ko na injin ban ruwa: mutanen da ke kawo mana kayansu ba sa ganin abin da muke yi a ƙarƙashi, maganarmu kawai suke bi. In ka taɓa abin wani ba da saninsa ba, ka faɗa masa yau, kada ka jira ranar da za ta yi maka sauƙi, don ba ta zuwa. Ni na jira, kuma ko da na miƙe a ƙofar masallacin nan, Alhaji da mahaifiyar direban duk sun riga sun rasu suna ganin shi ne mai laifi.