Mai Ɗumama Tsutsa

Babanmu ya yi rabin rayuwarsa yana kai tsutsa ɗakin bincike. Kullum da safe yakan tafi mayanka, mahauta su tura masa hantar da likita ya hana sayarwa, ya tsaga, ya tsince tsutsotsin nan masu faɗi kamar ganye ya zuba a kwalbar ruwan gishiri. Tsutsotsin ba sa son sanyi, don haka sai ya cusa kwalbar cikin singileti, ta manne da fatar cikinsa, ya hau keke.

"Ga mai ciki nan ya dawo," in ji Mama. "Yaushe haihuwa?"

Mu yara mun sha tsokana a layi, amma ni har yau kewar warin rigar nan nake yi.

Malamar da yake wa aiki wasu ƙwayoyin halitta take nema a jijiyoyin tsutsar, waɗanda ba sa kai saƙo, sai dai su lulluɓe masu kaiwa su ciyar da su. Baba bai taɓa leƙa madubinta mai ƙara girman ƙananan abubuwa ba. Ta sha yi masa tayi, yana cewa, "A'a Malama, sai ranar da kika same su. Ba na son ganin rabin abu." Taurin kai ne kawai, kuma duk mun gada.

Sai da ya yi ritaya, yanar ido ta dushe masa gani, sannan ta bugo waya: an samu. Ya sa aka goge masa babbar riga, ni na kai shi a mota. Ɗakin na nan yadda na san shi, da famfon da ke ɗiga da warin magani.

Malama, wadda ita ma furfura ta cika mata kai, ta zaunar da shi, ta daidaita madubin. Ya kafa ido ya daɗe, yana murza abin juyawa gaba da baya. Na ga gumi a wuyansa.

"Kai, sun yi kyau," ya ce. "Sannu da ƙoƙari, Malama."

Ta share hawaye, suka yi ta raha.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce mayanka. Sannan ya taɓa hannuna.

"Uwata, ke ma kin leƙa, ko?"

"Na leƙa, Baba."

"To rage gudu. Faɗa mini yadda suke."