Kwanukan Kawuna

Shekara shida na yi ina aikin akawu a wani kamfanin shigo da kaya a Ganhi, unguwar kasuwanci ta birnin Kwatano, kafin gwamnatin juyin juya hali ta karɓe shi. Baturen da ke da kamfanin ya tattara nasa ya tafi, aka kawo sabon shugaba wanda ba ya amsa gaisuwa sai an ce masa kamarad, kuma kafin wata uku ya cika ofis da mutanensa. Na dawo Zongo da kwat ɗaya da takalmi sau-ciki, ba aikin yi. Mahaifiyata ce ta je ta sami wanta, ya yarda in riƙa zama a shagonsa ina taya shi.

Kawu kwanuka yake sayarwa, irin na ƙarfe masu fenti da zanen furanni: langa, fanteka, faranti, tire. Shagon yana cikin wani lungu bayan masallaci, ba allo, ba alama, kaya duk a cikin kwali an jibge su har rufi. In ka shiga da rana tsaka sai ka tsaya idonka ya saba da duhun. Duk da haka yana ciniki, don a shekarun nan naira na da ƙarfi. 'Yan Najeriya ke zuwa su kwashi dozin-dozin na kayan ɗakin amare, a ɗaure musu a kai tasha. Su kaɗai Kawu ya sani, su kaɗai yake tashi tsaye ya gaisa da su.

Ni kuwa na zo da kaina cike da abin da na gani a Ganhi. A satina na farko na ce masa mu fito da kaya waje, mu jera masu ja da shuɗi a bakin lungu yadda mai wucewa zai gani. Ya ce rana za ta ci fenti, iskar teku ta sa tsatsa, kuma wanda ya san shi ya san hanya. Na ce to a rubuta allo. Ya ce allo na masu neman a san su ne. Tun daga ranar ya sa mini suna Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, kuma in baƙo ya zo sai ya nuna ni da haɓa ya ce ga ɗan ƙanwarsa da ya zo koya masa kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan garin. Kullum sai wata ta leƙo tana neman fanteka ɗaya ko faranti biyu, Kawu ya kaɗa mata hannu ya ce ba ya ɓare dozin. Shekara talatin yana Kwatano, amma ban da gaisuwa ba ya jin komai a harshen Fon na mutanen garin, kuma bai ga dalilin koya ba. Wata rana ya tafi jana'iza, wata mai sayar da abinci ta zo tun daga Akpakpa, ta tsallako gada a ƙafa. Na farke kwali na sayar mata da fanteka ɗaya, da ribar da ta fi ta sari. Da ya dawo na miƙa masa kuɗin ina jiran yabo. Ya dubi kwalin, ya dube ni.

"Sauran goma sha ɗayan fa, Mushe? Wa zai sayi dozin mai giɓi?"

Na ce mata goma sha ɗaya za su saya, in dai mun bar su sun shigo. Kwana biyu bai yi mini magana ba, sai ta bakin mahaifiyata, wadda ta ja mini kunne cewa ba a gyara wa babba sana'arsa.

A bakin lungun akwai wata Bayarbiya mai tebur, tana sayar da cokula da ludayi da 'yan kofuna. Ta girme ni nesa, Iya nake ce mata, kuma tana jin Hausa irin ta kasuwa. In Kawu ya ƙona mini rai, bayan la'asar sai in je in zauna a bencinta in yi ta zuba. Tana ɓare lemu tana saurare. Wani lokaci ta yi tambaya. In da kai ne, wanne za ka sa a gaba? Sai in ce mai launin da ya fi ɗaukar ido, kuma a daidai fuskar mai wucewa, ba a ƙasa ba. In ce a ajiye wani ƙaramin abu mai araha wanda zai sa mutum ya tsaya, in ya tsaya zai ga babba. In ce duk wadda ta dawo da kwano mai tabo a canza mata ba musu, don kwano ɗaya bai kai darajar bakinta a unguwa ba. In ce masu sayar da abinci ba su da lokacin zuwa kasuwa, mai hankali shi zai kai musu har inda suke. Kuma kada ɗan kasuwa ya dogara da masu saye iri ɗaya, don ranar da suka ɗauke ƙafa ya shiga uku. Ban ɗauka darasi nake bayarwa ba. A wurina fushi kawai nake saukewa.

Ba a daɗe ba Iya ta shigo shagonmu ta sari dozin ɗin faranti. Kawu ya ji daɗi, har ya rage mata. Ta jera su a teburinta tana sayarwa ɗai-ɗai. Wata na gaba ta ɗauki langa, sai fanteka. Ta ƙara tebur, ta kafa rumfa saboda rana, ta kawo bokitin roba da na sha roƙon Kawu ya gwada ya ce shi ba ya sayar da abin da wuta ke narkarwa. Ina kallo matan da muka kora suna tsayawa a wurinta. Na nuna wa Kawu. Ya ce ai kayansa take sayarwa, me ya rage shi da shi?

Haka muka yi shekaru. Sai aka wayi gari an rufe iyaka daga can ɓangaren Najeriya. Kawu ya ce sati ɗaya ne za a buɗe. Sati ya zama wata, wata ya zama watanni. Kullum yana buɗe shago bayan ya karya, ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna da carbi yana duban bakin lungu. Waɗanda ke ratsowa ta daji ba kwano suke nema ba, ba mai ɗaukar kaya mai nauyi da ƙara a irin wannan hanya. Damina ta shigo, kwalayen ƙasa suka jiƙe, muka fara samun tsatsa a bakin langa. A nan dai ya yi gaskiya game da iskar garin, sai dai a cikin duhun shagon ta same su, ba a waje ba.

Na roƙe shi, na sa mahaifiyata ta roƙe shi, har limamin masallacinmu na yi wa magana. Daga ƙarshe ya yarda in ɗauki kaya in kai wa masu abinci a Akpakpa, amma da sharaɗi: kada in sayar ƙasa da rabin dozin, kuma kada in rage ko dala. Na ce masa wannan ai ɗaure ni ya yi. Ya ce in ban so in bari.

Na yi hayar kura, na tsallaka gada da sassafe. Rumfar farko da na tsaya, shinkafar matar a cikin fantekarmu take. Ta biyu ma haka. Duk inda na sauke kaya sai a ce suna da mai kawo musu, tana zuwa duk Talata, kuma in abu ya yi tabo tana canzawa. Wata ta so faranti biyu, na ce sai shida, ta yi dariya ta juya ga tukunyarta. Na dawo bayan azahar da kayana yadda na tafi da su, ga kuɗin kura na biya daga aljihuna.

Ban shiga shago ba, wurin Iya na nufa. Na gane ita ce mai zuwa duk Talata, na tsaya a gabanta ina huci. Ta matsa mini benci.

"Ɗana, ban ɗauki komai a ɓoye ba. Kai ka faɗa, ni na ji. Shekara nawa kana faɗa wa mai shagon?"

Ta ce in ina so in zo in kama mata, don yanzu ta kama shago a bakin titi kuma tana bukatar mai iya Faransanci saboda takardun duwan, wato kwastan. Na ce a'a. Da na karɓa, da mahaifiyata ba ta ƙara iya haɗa ido da wanta ba, kuma a Zongo magana ba ta kwana.

Kafin a buɗe iyaka Kawu ya gaji. Iya ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi, suka yi ciniki, ta saye kayan shagon gaba ɗaya a farashin da a da can ko a mafarki ba zai yarda da shi ba. Muna tsaye ni da shi ana fitar da kwalaye, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka ga mace mai kan kasuwa. Duk zaman da kake yi a bencinta, da ka buɗe kunne ka koyi wani abu, da ba mu kai haka ba."

Na buɗe baki, sai na ga yadda yake bin kwalayen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na ce haka ne, Kawu.

Ya ba wani tela hayar shagon, ya koma zama a ƙofar gida. Ni na sami aiki a tasha, ina cike wa masu manyan motoci takardu. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kuma duk Juma'a ina zuwa gaishe shi. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga hanya, yadda zan faɗa masa ba tare da na ɓata masa rai ba, amma in na zauna sai ya fara tambayata labarin motocin arewa da farashin goro, har lokacin tashi ya yi. Ranar da aka kai shi, Iya ta rufe shagunanta biyu, ta aiko da shinkafa fanteka uku gidan makoki. Ni aka sa na raba wa mutane.