Ranar da Kawu Ya Yi Yaren Koriya

Shekarar da na gama karatu ina zaman jiran aiki a Kazaure, wani kamfanin sayen riɗi ya ɗauke ni tafinta. Sun kawo wani dattijo daga Koriya mai duba kyan kaya. Shi ba Hausa, manoma ba Turanci, ni ne a tsakiya. Duk ƙauyen da muka shiga Ɗan Caina ake ce masa, na yi gyara har na gaji na bari. Gajere ne mai furfura, ba ya hayaniya. Zai zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa, ya shinshina, ya tauna, ya faɗi gaskiyarsa ko mai kaya ya so ko ya ƙi.

A mota, tsakanin Roni da Babura, nake matsa masa ya koya mini yarensu. Ni dai da son a sani. Kalmar da ta fara zauna mini ita ce opsoyo, wato babu, don ita ya fi faɗa. Abokiyar tafiyarta issoyo, akwai. Sai ka ambaci abu ka liƙa masa. Mul opsoyo, babu ruwa. Shigan opsoyo, babu lokaci. Wannan kam sau goma nake jin ta a rana, musamman idan na tsaya gaisawa da mutane. Da ita ake cewa ba ni da kaza, da ita ake cewa wane ba ya nan. Na riƙa zuba wa direbanmu da masu shayi ita, ina jin kaina.

Abin da ya ba ni mamaki, yadda take fita daga bakinsa ba nauyi. Mu ba haka muke ba. Tambayi mai shago abin da ba shi da shi, sai ya ce yanzu aka kwashe. Magidanci kuwa, baƙo ya tako har ƙofar gidansa, ya dubi idonsa ya ce babu? Gara ya ce za a duba. Kowa ya san fassarar wannan, ba wanda ya ɗauke ta ƙarya. Ni ne dai na yi wautar juya wa baƙon ita Turanci yadda take, sau biyu muna ɗaukar a-kori-kura zuwa wani ƙauye mu dawo wayam. Bai yi faɗa ba. Ya ce mini ba zai raina mutum don gonarsa ba ta yi ba, amma duk wanda ya ƙara sa shi ya ɗauko mota a banza, ya daina taka ƙofarsa ke nan.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, manomi a wani ƙauye bayan Gwiwa. Riɗinsa fari ne tas, ya yi suna da shi. Tun yana tsaye a gona na kai baƙon ya gani, ina ta cika baki, suka yi musafaha a kan in an kakkaɓe nasa ne. Aka yanke, aka ɗaure dami-dami, aka jingina su bushe. Sai ga ruwa biyu a jere bayan kowa ya sallami damina. Riɗi ya yi baƙi, yana warin fumfuna.

Ranar da za mu ɗauki kayan na yi sammako a babur na riga mota. Na tarar da Kawu a zaure yana jan carbi. Bayan mun gaisa ya nuna mini abin da ya rage na riɗin.

Na ce, "Kawu, ku bari a sayo fari a Babura a zuba a buhunanku. Wa zai sani?"

"Riɗin gonata na ce zan ba shi, ba na kasuwa ba."

"To bari in koma in tare shi a hanya in gaya masa. Ba sai ya zo ba."

"Kai ka yi masa alkawari? A bakina zai ji." Ya ajiye carbin. "Sai dai ɗan nan, tun da na zama magidanci a zauren nan, baƙo bai taɓa jin kalmar nan daga gare ni ba. Ga shi yau unguwa duka za ta taru kallon Bature."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san inda za a ƙare. Zai ce za a duba, ni kuma ko in juya ta yadda take baƙon ya yanke hulɗa da shi har abada, ko in fasa ƙwai in kunyata shi a gaban jama'a. Ina cikin wannan saƙe-saƙen ya ce, "Su a yarensu yaya ake faɗi?"

Na ɗauka wasa yake. Da na ga ya gyara zama, na ce camke shi ne riɗi, opsoyo shi ne babu. Ya ce ofusoyo. Na gyara, ya sake cewa ofusoyo. Mutumin da ya yi jika, wanda ba a zama a buzunsa, ya zauna gabana yana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya, matarsa tana jiyo mu daga tsakar gida tana ta dariya, ba ta san me ake ciki ba. Sai da muka yi ta fi sau talatin. A ƙarshe ya ce, "Ya isa, harshena ya gaji. In bai gane ba, zai gane da ido."

Da hantsi mota ta iso. Zaure ya cika har waje. Aka kawo fura, aka yi doguwar gaisuwa ina juyawa, baƙon bai ko kalli agogonsa ba. Sannan Kawu ya jawo wani ƙoƙo daga bayansa, ya ajiye gaban baƙon da hannu biyu. Baƙin riɗin ne a ciki. Ya ɗaga kai ya dube shi ido da ido ya ce, "Camke ofusoyo."

Wuri ya kaure. "Kai! Malam ya iya yaren Caina!" Har da masu tafi. Sun ɗauka gaisuwa ce.

Baƙon bai yi dariya ba. Ya ɗebi riɗin ya shinshina, ya mayar a hankali. Ya miƙe ya rusuna wa Kawu, rusunawar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, har ga manyan kamfanin. Ya ce mini da Turanci in gaya masa ya ga gonar da idonsa, ya san aikin da aka yi mata, kuma baɗi daga nan zai fara. Na raɗa wa Kawu a kunne. Dabararsa ta ci, na ji daɗi har cikin raina: baƙo ya ji gaskiya, unguwa ba ta ji komai ba.

Wani maƙwabcin Kawu, tsoho sa'ansa, ya taɓo ni. "Ɗan boko, me Malam ya ce masa ne?"

Na buɗe baki zan ce barka da zuwa ya yi masa, Kawu ya riga ni.

"Ce masa na yi babu. Ruwa ya cinye riɗin, ko buhu ɗaya ban tsira da shi ba."

Ban taɓa jin kunyar kaina da alfahari da wani a lokaci guda kamar wannan hantsin ba.

Tsohon ya cire hularsa ya shafa kai.

"Nawa ma haka, Malam," in ji shi. "Kwana tara ke nan, ko mai ɗakina ban gaya wa ba."