Injin wanki da katangar maƙwabci

Jama'a, yau na yi wa dattijo wanka ban sani ba!

Tudun Wada na je sayen injin feshin ruwan zafi na hannu, don wankin motoci ya yi mana yawa. Mai injin ya ce, "Gwada shi a jikin katangar can." Katangar ƙasa ce! Ina kunnawa ta huje, ruwa ya wuce ciki. Ashe banɗakin maƙwabcinsa ne! Muka ji an zabga salati. Na kashe injin.

Sai ga fuskar wani tsoho a ramin, kai duk kumfa. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri."

Ya ce, "Wa ya ce ka kashe? Rage zafin kaɗan, ban ɗauraye ba!"