Ranar Da Wayata Ta Ci Iyakar Baffa

In kun ga dama ku ce ƙarya nike sharawa, amma wallahi wayata ta taɓa sace injin ban-ruwa da rana tsaka, har ta kusa raba ni da abincina.

Yayana na can Legas, ya bar mini fadamarshi ta albasa a Aliero, ita nike nomawa muna ci. Kullum sai ya bugo: "Ƙane, turo hoto in gani." In na tura, ya ce gefen mai kyau na zaɓa. Sai wani mai gyaran waya a kasuwar Jega ya koya mini dabara: ka danna, ka riƙa juyawa sannu-sannu, waya ta ɗauki hotuna da yawa ta ɗinke su guda, gona duk ta fito.

Ni kuwa ban san sannu ba. Na juya kamar fanka, na jefa a gurup ɗin dangi ko dubawa ban yi ba.

Ashe wurin ɗinkin wayar ta haɗiye kunyar da ta raba mu da gonar baffa, ƙanin babanmu. Ga injinshi nan zaune daram tsakiyar albasarmu!

Baffa ko, in kaza ta taka mishi iyaka sai ya tambayi sunan ubanta. Yana ganin hoton a gurup, ya aiko in same shi gona gobe da hantsi. Yayana ya bugo, muryar ba wasa: in dai na taɓa iyaka, fadama za ta bar hannuna.

Da munka haɗu, kunya na nan inda kaka ya bar ta, amma baffa ya ce ai maido ta na yi da na ji tsoro.

Na ce, "Baffa, Allah shi ba ka haƙuri, tsaya nan in sake ɗauka ka gani."

Ina cikin juyawa, shi kuma ya kasa tsayuwa, ya bi kunya yana tona ƙasa da sanda. Hoto ya fito da baffa biyu, ɗaya gonarshi, ɗaya tamu, na biyun ma ƙafarshi uku.

Ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya tura mini wayar a ƙirji.

"Abin da ya mai da ni tagwaye da furfurata, shi ka ba amanar iyaka? Riƙe gonarka, sakarai. Amma in na sake ganin wayar ga, cikin rijiya za ta kwana!"