Akwatunan da Dakta Mwanahawa Ta Rubuta wa "Matattu"

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Dakta Mwanahawa Kihampa ta cika a wani asibiti a Dar es Salaam, bayan jinyar ciwon ƙoda ta wata uku. Washegari muka kai ta makwancinta a Muheza, kusa da mahaifinta. Shekararta hamsin da takwas. Ni Kombo Mwinyihija, shekara ashirin da biyu ina riƙe mata ɗakin gwaji, ni ne mai jera samfura, ni ne mai shan faɗa. Cibiyar bincikenmu ta nemi in rubuta 'yan kalmomi masu sanyi a manna a allon sanarwa. Na zauna na gwada, sanyin ya ƙi zuwa. Ki yi haƙuri, Dada, wato babbar yaya, yadda muke kiranki, da fushi zan yi miki ta'aziyya.

Tambaya ɗaya kika bi duk rayuwarki. Me ya sa za a kawo yaro da zazzaɓin cizon sauro, a ba shi magani, ƙwayar cutar ta mutu, amma shi ma bayan kwana biyu ya tafi? Kin ce amsar tana cikin ƙwayoyin jikin yaron, yadda suke jure wahala da yadda suke mutuwa in wahalar ta fi ƙarfinsu. Wata takan mutu da ladabi, ta naɗe kayanta ta tafi ba wanda ya ji. Wata kuwa fashewa take yi, ta tara wa jiki jama'a, kumburi ya tashi ya haɗa mai laifi da marar laifi ya cinye. A makona na farko kika yi mini wannan bayani, muna shan shayi da mandazi, irin fankenmu, na gyaɗa kai kamar na gane. Kika dube ni kika ce in daina gyaɗa miki kai, ba biki muka zo ba.

Ba ki taɓa ɗibar jinin yaro ba sai kin zauna a ƙasa kusa da uwarsa kin gaya mata abin da za a yi da shi. Likitoci su yi ta duban agogo, ke kina kan tabarma. Kikan ce wa uwayen wannan ɗigon ba zai ceci nasu ba wataƙila, amma zai yi wa 'ya'yan wasu magana. Uwaye ɗari shida da goma sha biyu suka amince miki, da yawansu kuma sun koma gida da zanin goyo babu yaro. Duk shekara bayan damina sai kin ja ni mun bi ƙauyukan nan a bayan babur, ki gaya musu inda aiki ya kai. Ranar da wuta ta ɗauke kuma janareta ya ƙare mai, da tiyo kika zuƙi na motarki, kika wuni kina tofar da yawu kina zagin kowa, amma firiza bai daina sanyi ba. Kuma ke ce kika fara sa sunana a takardar bincike, da aka ce ai ni ma'aikacin ɗaki ne kawai, kika ce to a cire naki ma.

Kina da wata al'ada. Duk samfurin da ƙwayoyinsa suka mutu ta hanyar da kike nema, sai ki ɗauki jan alƙalami ki rubuta a murfin akwatinsa da harshenmu: wafu, wato matattu. Waɗanda ba su mutu ba kuma sai ki rubuta musu rayayyu, su kuwa don kwatance kawai ake ajiye su. Kowa a ɗakinmu ya san matattun nan su ne dukiyar. Akwati arba'in da ɗaya, shekara goma sha tara ana tara su.

Kina kwance a asibiti aka kawo mana sabon mataimakin darakta, mutum mai kwat da turare, wanda ya ce yana bukatar wuri a firiza saboda wani sabon aiki da baƙi za su kawo. Ya zaɓi ranar da na tafi duba ki ya shiga ɗakin sanyi da takardarsa. Ya ga jan rubutu, ya sa aka kwashe duk mai jan rubutu aka kai wurin ƙona shara. Bai buga mini waya ba. Bai tambayi ko mai gadi ba, wanda da ya gaya masa. Da na dawo na tarar da wurin matattun a firiza wayam, na je na same shi a ofis.

"Haba Malam Kombo, kwantar da hankalinka," ya ce, ko tashi bai yi ba. "Me za a yi da matattu? Ai ita da hannunta ta rubuta. Masu ran ai na bar muku su."

Ya bar mana masu ran! Mutumin da aka ɗora a kan masu binciken mutuwar ƙwayoyi bai san cewa a ɗakinmu matacce shi ke ba da shaida ba. Na gaya masa abin da ya ƙona, sai ya ce a rubuta rahoto, kwamiti zai duba. Har yau kwamitin bai zauna ba.

Yanzu sai abin da ya fi ci mini rai, Dada. Mako guda kafin rasuwarki na zo, kin rame har ba na son kallonki, kika kama hannuna.

"Kombo, matattuna fa?"

"Suna nan lafiya, Dada."

"Matattu suna lafiya," kika ce, kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. "Kai dai ba ka da kai. Ka kula mini da su."

Shekara ashirin da biyu ban taɓa canza miki ko lamba ɗaya a littafin gwaji ba, sai ga shi maganata ta ƙarshe da ke ƙarya ce. Mataimakin daraktan nan ne ya sa ni yin ta, kuma wannan ban yafe masa ba.

A wurin jana'iza shi aka ba ya yi magana da sunan cibiya. Ya ce aikinki zai dawwama, har ya ciro hankici. Jiya kuma aka sanar za a liƙa sunanki a ƙofar ɗakin sanyi. Ina roƙon hukuma ta bari. In dai sai an rubuta wani abu a ƙofar nan, a rubuta ranar da aka kwashe akwatunan da sunan wanda ya sa hannu.

Littafinki mai baƙin bango yana wurina, da sunan kowane yaro da ƙauyensu. Damina ta kusa wucewa, matan nan za su fara duban hanya. Zan je ni kaɗai, in zauna a ƙasa yadda kike zama, in gaya wa kowace uwa inda jinin ɗanta ya ƙare. Ban san da wane baki zan fara ba, amma su ba zan yi musu abin da na yi miki ba.

Allah ya jiƙanki, Mwanahawa, ya yalwata kabarinki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, ya karɓi kowace tabarma da kika zauna a kai a matsayin sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Mzee Salehe, da 'ya'yanki Mwajabu da Kassimu, da uwaye ɗari shida da goma sha biyu waɗanda ba su riga sun san an yi musu rashi biyu ba. Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma ya yafe mini, tunda ke ba ki nan balle in roƙe ki.