Baba Halidu, Wanda Ya Mayar Wa Ƙasa Ƙafafunta

Shekara da shekaru, kafin masu kai ganyen salati kasuwar Petit Marché su ɗaure kwandunansu, Baba Halidu ya riga ya hau tudun da ke bayan unguwar Harobanda a Yamai. Sandarsa mai bakin ƙarfe na hannu. Ya dunguri ƙasa, ya saurara, ya matsa gaba. Daga nan ya gangara bakin marmaro, ya ɗebi ruwa a tafinsa, ya kurɓa, ya ɗan riƙe shi a baki yana jin ko akwai laka. Baƙo ya gan shi sai ya ce tsohon ya taɓu. Ni ma haka na ce da farko, ina zaune a biro, wato ofis, da alƙalami a kunne, ban san ruwan da ya raini tumatirin miyata yake gadi ba.

Cikin tudun nan rami ne. Tun da daɗewa ake haƙar farar ƙasa a ciki, wadda mata ke shafe ɗaki da ita, ana kutsawa ta ƙarƙashi kamar gafiya. Mahaƙa na da doka guda: duk inda ka ci gaba, ka bar ginshiƙi tsaye ya riƙe rufin. Suna kiran sa ƙafa. Komai kyan ƙasar da ke jikinta, ba a taɓa ƙafa.

Sai ga farin shekarar tamanin da huɗu. Mutane suka kwararo Yamai, dabbobi sun ƙare, rumbu wayam. Wasu suka faɗa ramin neman na hatsi, ba wanda ya gaya musu dokar. Suka ga ƙasa fara tas a tsaye, kusa da ƙofa, ba ta son wahala. Suka sare ta.

Wata safiya Hawwa, babbar matan lambu, ta tarar da gefen tudun ya lotsa, ƙasa ta tsage har ƙafar mutum na shiga. Marmaron da suke noman rani da shi ya yi tsit. Ruwan ya bi tsagar ya faɗa ciki, ga shuka ta fara kwanciya.

Aka turo sarjan da igiya ya kewaye wurin. Ya daka tsawa ya ce wa ya yi wannan aika-aika? Jibo, wani mai iyali da shanunsa suka mutu a hanya, yana tsaye da diga, farar ƙasa har gira. A lokacin nan kuwa in soja ya tafi da mutum, ba a tambayar ranar dawowa.

Baba Halidu ya ce, "Yunwa ce, ranka ya daɗe. In ka kama ta, mu ma muna da magana da ita."

Ya tuɓe riga ya nufi ramin.

"Kai tsoho! In ka mutu a ciki ni za a tambaya!" in ji sarjan.

"Ɗana, in na mutu a ciki ai na rage muku ginan kabari."

Sarjan ya juya baya yana gyaran hula, wai bai gani ba.

Da ya fito, laka har wuya, Hawwa ta tare shi. "Baba, ruwan yana nan?"

"Yana nan, ɗiyata, na ji kukansa. Amma ba zai sake hawowa inda ya saba ba. Sai mu buɗe masa wata ƙofa."

Ya waiwayi Jibo. "Kai mai sarar ƙafa, iya sara kawai ka iya, ko ka iya ɗauka? Kawo dutse."

Haka suka yi ta yi har zafi ya shigo. Jibo na turo duwatsu, tsohon na rarrafe da su a duhu, yana gina sabuwar ƙafa a gurbin kowace da aka sare, rufin na zubo masa ƙasa a ƙeya. Ya daɓe hanya da yumɓu, ya bi da ruwan sannu-sannu zuwa gindin tudu. Matan kuwa na jido ruwa a ka tun daga gulbi don kada shukar ta ƙarasa mutuwa. Ni ma na ba da gudummawa: na tsaya nesa ina ba da shawara, tunda tumbina ba zai shiga ramin ba.

Ranar da ruwan ya ɓullo, jajir da farko, sannan ya washe, ba wanda ya yi guɗa nan take. Tsayawa muka yi muna kallo. Na ga Hawwa ta durƙusa ta sa goshinta a ciki.

Baba Halidu, kai ne ka shiga inda kowa ke gudu. Kai ne ka fitar da ruwa ba tare da ka miƙa mutum ga soja ba. Na Adar, mai kunnen ƙasa! Yau gwiwoyinka sun ce sun gaji, ka ajiye sanda, ba lambar girma, ba ko takardar yabo. Mun gode. Allah ya saka, ya ba ka inuwar da ka ba shukar mutane.

Ku kuma masu haƙa, da mu masu ci, in kun samu hanya ku je ku gaishe shi tun yana jin gaisuwa. Ku bar wa ƙasa ƙafarta, ku gaya wa baƙo dokar tun kafin ya ɗaga diga. Gobe da safe in kun ji ana dungurin tudu, Jibo ne. Shi aka ba sandar.